Awakin Gwaggo Kunsulu Ba Su da Fasfo

Ƙauyenmu Jarkuduk yana lardin Orenburg, daidai inda Rasha ta gaji ta tsaya. Maƙabartarmu kuwa tana Kazakhstan, taku ɗari shida daga bayan gidan Gwaggo Kunsulu, yayar mahaifina. Da Tarayyar Sobiyet ta watse, wani layi da ke kan taswira, wanda ko karen garin bai san da shi ba, ya wayi gari ya zama iyakar ƙasa. Daga baya aka ja shingen waya. Rayayyu muka zama 'yan Rasha, matattunmu suka zama 'yan ƙasar waje, ba a shawarci ko ɗaya daga cikinmu ba. Mai son ziyarar ubansa sai ya yi kilomita casa'in zuwa shingen jami'ai, ya sake yin casa'in ya dawo inda yake hango hayaƙin gidansa.

Burin Gwaggo ɗaya ne: a binne ta kusa da mijinta Amangali. Ni ne magatakardan ƙauye, mai hatimi da alƙalami uku a aljihu, don haka na bugi ƙirji. Takarda goma sha ɗaya na rubuta cikin shekara tara. Kowace amsa ta ce ana duba lamarin. Allah ya ƙara wa idanunsu lafiya.

Ana nan wani jami'i, Rodion, ya zo da kansa. Ya sha shayi da madara kofi huɗu kafin ya buɗe jaka.

"Kaka, ai doka ba ta hana ba," in ji shi. "Gawa tana ƙetarawa. Takardar likita, takardar fassara, sai akwatin ƙarfe a liƙe. Kwana goma an gama."

"Akwatin ƙarfe? Ɗan nan, ni kifin gwangwani ce? Mu da likkafani muke tafiya, kuma ba ma jira."

"Haka tsarin yake, Kaka."

"To a ɗebo mini ƙasar kabarinsa, ko tafi ɗaya, a zuba a nawa."

"Ƙasa ba ta ƙetare iyaka. Tana iya ɗauko cuta."

"Iskar da ke kwaso ta kullum tana zuba mini a miya fa, wa ke duba takardunta?"

Rodion ya yi dariya, ya ƙara kofi na biyar. Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Kai kuma Tulegen, mayar da alƙalumanka aljihu. Sun yi ƙoƙari."

Daga ranar ba ta sake ta da maganar ba. Ta koma kan awakinta bakwai, masu gashin nan mai laushi da take saƙa mayafi da shi. Tunda mutane suka daina shiga maƙabarta, ciyawa ta yi tsawo a can, awaki kuma ba su iya karanta allon gargaɗi ba. Kullum sai su zurara ta ƙarƙashin waya su yi kiwo a ƙasar waje, su dawo da yamma ko gaisuwa babu. Ita kuma ta zauna bakin garke da tsohon cokali, tana ɗaga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya tana kankare kofato. Muka ce tsufa ne ya zo. Ni da bakina na ce wa matata a fara sa mata ido.

A lokacin kaka Gwaggo ta rasu. Muka haƙa mata kabari a sabuwar maƙabarta, bayan rumfar tarakta, inda maƙwabcinta kaɗai wani direba ne da ba ta taɓa shiri da shi ba. Za mu fita da ita ke nan, aminiyarta Nagima ta tare ni a ƙofa da buhu. Gwangwanayen shayi ne guda shida, cike da jar ƙasa. Ƙasar garinmu baƙa ce. Ja sai a tudun tsohuwar maƙabarta.

"Ta ce kai za ka zuba da hannunka," in ji Nagima. "Wai ka sha wahalar rubutu."

Na durƙusa bakin ramin ina juye su, ga gashin awaki nan tsilli-tsilli a ciki. Kunya ta rufe ni, na yi kuka kamar ba ɗan shekara hamsin ba. Shekara huɗu tana tara Amangali cokali-cokali daga kofaton awaki, mu muna cewa ta ruɗe.

Amsar takarda ta goma sha ɗaya ta iso bayan sadakar arba'in. Sun ce ana duba lamarin.