Igiyar Wofa Amankwa

"Ba yaron da zai hau benen nan yau," in ji Wofa Amankwa, yana ƙulla igiya a bakin matakala.

Dufie ta tsaya cak da kwalin kek a hannu. Asabar ce, hantsi ya dubi ludayi, yara kusan talatin sun cika gidan wasan nata, an tuɓe takalma an sa safa, sai ihu suke. Madam Ohenewaa, matar wani babban mai sayar da katako a Kumasi, ita ta kama gidan gaba ɗaya don bikin ranar haihuwar 'yarta. Kuma ba abin da ya kawo su sai benen nan na ƙarfe mai hawa uku, mai raga da doguwar hanyar silalowa.

"Wofa, me kuma ya faru?"

"Ginshiƙin kusurwa. Na ƙwanƙwasa shi da sifana, muryarsa ba irin ta jiya ba ce."

"Yanzu ƙarfe ne ke da murya?"

"Kawo kunnenki ki ji."

Ba ta kai kunnen ba. Ta san halinsa sarai. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa kafin ya yi ritaya, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansa da tsohon siton kokon da Dufie ta mayar gidan wasan yara a Kwadaso. Ba ta taɓa ɗaukarsa aiki ba. Ran da masu haɗa kayan suka zo ya leƙo kallo, ya ce notinansu ba su ɗauru ba, ya koma gida ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Tun daga ranar, shekara huɗu ke nan, shi ke riga kowa zuwa. 'Yar ƙanwarsa Pokuaa da ke riƙe da shi ce ke ce masa Wofa, wato kawu, sai unguwa duka ta ɗauka.

Shi ya hana a ajiye ko tsintsiya a bakin ƙofar baya. Shi ya raba 'yan ƙanana da manyan yara, ya sa ake juye ramin ƙwallaye duk Litinin a wanke su ɗaya bayan ɗaya. In yara suka kai adadin da ya yanka, ko jikan sarki ne sai ya jira a waje. Iyaye kan yi gunaguni, amma su dawo.

Madam Ohenewaa ta taho tana kaɗa makullin mota, ta dubi igiyar, ta dubi tsohon daga sama har ƙasa.

"'Yar'uwa, wai gidan nan na wane ne? Naki ko na baban nan?"

Matan da ke bayanta suka kwashe da dariya. Dufie ta juya wajen tsohon.

"Wofa, nan fa ba reluwe ba ne," ta ce, da murya sama da yadda ta yi niyya. "Ni na buɗe gidan nan, ba kai ba. Kullum sai ka nemo abin da za ka tsorata mutane. Tsufa ne ke damunka. Ka koma gida ka huta, don Allah."

Har yaran da ke kusa sai da suka yi tsit. Wofa Amankwa ya goge sifanar da gefen rigarsa, ya sa a aljihu.

"Na ji, 'yata," ya ce. "Amma igiyar nan ki bar ta."

Ya fita ta ƙofar gaba, yana ɗan jan ƙafa kamar yadda ya saba.

Dufie ta kai hannu kan ƙullin. Ƙulli ne mai sauƙi, ja ɗaya zai kwance. Ta dubi yaran da suka yi layi suna tsalle, ta dubi ginshiƙin da ke naɗe da soso da jan tamfol, lafiyarsa ƙalau a ido. Ta janye hannunta. Aka yi bikin a ramin ƙwallaye da shimfiɗar tsalle, mai bikin ta sha kuka, uwarta ta tafi ba ko sallama.

Ran Litinin ta kira mai walda. Da ya yage soson daga gindin ginshiƙin, sai ga tsatsa jawur. Ruwan goge ƙasa ne ya yi ta shiga ƙarƙashi yana kwanciya. Mutumin ya danna ƙarfen da babban yatsa, yatsan ya shige.

"Maame," ya ce, wato uwa, "wa ya ce ki rufe benen nan?" "Da yara goma sun taru a sama can, da yanzu wani zancen ake yi."

Dufie ta nemi wuri ta zauna a kan katifa.

A ranar ya kamata ta zaga ta shiga gidansa. Taku nawa ne? Sai ta ce ba za ta je hannu rabbana ba, gobe ta daka fufu ta yi miyar gyaɗa da kifi busasshe, irin wadda yake so. Goben ta zo da aikin walda. Jibi aka ba da hutun makaranta, gidan ya cika maƙil. Da kwanaki suka tura, zuwan ya ƙara nauyi, don yanzu sai ta nemi gafarar maganar, ta kuma nemi ta daɗewar. Takan ji rediyonsa ta bayan katanga, da tarinsa. Wata rana ta hango shi wajen mai gasa agade a bakin titi, ta kara waya a kunne ta wuce kamar tana magana da wani.

Ta koyi ƙwanƙwasa ƙarafa da kanta kowace safiya, da makulli, ko da yake ita duk muryarsu ɗaya take ji.

Mako bakwai aka yi a haka. Sai ga Pokuaa wata Laraba, ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta shigo ba.

"Ba ki ji ba ne? Wofa ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa ya shanye. Jiya aka sallamo mu daga asibiti."

Dufie ta bi ta a yadda take, ba fufu ba miya. Yana kwance a ɗakinsa kusa da taga, an tokare shi da matashin kai biyu. Ya rame har agogonsa ya sauko tsakiyar hannu. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar, amma idon nan na nan yadda yake.

"A'a," ya ce. "Mai gida da kanta."

"Wofa, ka daina."

"Zauna. Ƙofar baya?"

"Ba komai a gabanta."

"Tukunyar kashe gobara? Watan gobe ne canjinta."

"Na rubuta."

Ya mayar da numfashi. "Ginshiƙin fa?"

"An sauya shi. Duka huɗun ma na sa aka sauya."

"Me suka gani?"

"Tsatsa. Ta cinye gindin gaba ɗaya."

"Uhm," ya ce kawai, ya lumshe ido. Ta jira ya ce ai ya faɗa mata. Da ya faɗa, da ta samu inda za ta kama. Bai faɗa ba.

Ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta a cinya. "Wofa, ranar nan da na..."

Wayarta ta yi ƙara. Anti Frema ce, mai tsaron ƙofa: wata coci ta sauke mota guda ta yara ba sanarwa, sun fi adadi, shugabarsu kuma tana ta faɗa sai an shigar da su duka. Muryar tana fitowa har tsohon ya ji.

"Tashi," ya ce. "Frema ba ta iya cewa a'a. Je ki tsaya a ƙofar da kanki."

"Bari in gama maganata."

"Magana ba ta gudu. Yara ke gudu. Tashi."

Ta tashi. A ranta har da ɗan sauƙi, kuma wannan sauƙin ne daga baya ya fi ci mata rai. Daga bakin ƙofa ta juyo ta ce za ta dawo Lahadi bayan coci, da miyar gyaɗa.

"Ki rage barkono," ya ce.

Ran Asabar da safe, ana tsakiyar hayaniya, ta ji kukan Pokuaa ya tsallako katanga. Ba ta tambayi kowa ba. Ta kashe kiɗa, ta tsaya a ƙofa, ta miƙa kowane yaro hannun wanda ya kawo shi, har na ƙarshe, sannan ta ja ƙyaure ta zaga.

Kafin ta isa an riga an ɗauke gawarsa. Mata sun fara taruwa a tsakar gida da baƙaƙen zannuwa, ana ta kiran dangi na ƙauye a waya. Pokuaa ta riƙe ta suka yi kuka tare. Da suka lafa, Dufie ta ce, "Ya gaya miki abin da na yi masa?"

"Me kika yi masa?" Pokuaa ta share ido da bakin zane. "Cewa ya yi kin ba shi hutu. Har yana yi mini alfahari wai kin iya aikin yanzu. Ni dai ban ga hutun ba. Kullum da safe sai ya je kan bencinsa can ya zauna, in ce Wofa rana za ta same ka, ya ce in yi masa shiru yana sauraro."

Ta nuna da haɓa. Can ƙarshen tsakar gidan, bayan randunan ruwa, benci ne ɗan ƙarami jingine da katangar siton. Dufie ta taka ta je. Ƙafafun bencin sun nutse cikin ƙasa, kuma a jikin farar katangar akwai wani wuri da ya yi duhu, daidai inda kan mutum zai jingina in ya zauna.

Ta zauna a gefe ɗaya, ta bar sauran bencin. Daga cikin siton ba a jin komai sai fanka guda da ta manta ba ta kashe ba, tana ta juyawa.