Jan Maɓalli a Gidan Direban Jirgi

A kasuwar Kafanchan Injiniya ake kirana. Ni na raɗa wa kaina sunan, ni kuma na sa mai fenti ya rubuta shi a saman shago da manyan baƙaƙe. Abin da nake gyarawa kuwa bai wuce fanka da dutsen guga ba, sai rediyo idan mai ita ba ya sonta sosai. Sunana na gaskiya Okwudili. A kwatas ɗin reluwe aka haife ni, inda aka haifi mahaifina.

Papa direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya, kuma ritayar ba ta cire masa jirgin daga jiki ba. Marigayiya Mama takan ce ko jan zane ya hango a kan igiyar shanya sai ya rage tafiya. Da hannun dama ya tuƙa jirgi, da shi kuma ya rene mu. Ranƙwashinsa ba ya ƙara, amma sai ka ji shi har tafin ƙafa. Ni na fi kowa sha a gidan, don ni na fi kowa dabara.

Bara da damina hawan jini ya kayar da shi a bakin coci. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo rabi da rabi, amma hannun dama ya kwanta a kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Papa ya ce shi ba jariri ba ne. Ƙwallon dai a bakin karen maƙwabta ta ƙare.

Sai ga wayar Adaku daga Inugu. Adaku yayata ce, nas ce, kuma ita ce 'yar fari. A wajenmu idan 'yar fari ta yi magana a kan lafiyar uba, ƙane sai dai ya ce to.

"Okwy, ƙarshen wata ina zuwa," in ji ta. "In hannun nan bai motsa ba, da Papa zan koma. Kun bar shi yana zaune kamar hoto."

Wayar a buɗe take, Papa ya ji komai. Ranar bai taɓa tuwonsa ba. Da na zo ɗauke kwano ya riƙe min riga da hannun hagu.

"Okwudili, wa na sani a can?"

Gaskiya ya faɗa. Inugu garin kakanni ne, amma abokan Papa duk suna nan, da cocinsa, da bencin da yake zama yana kallon layin dogo ko da jirgi bai zo ba. Na ji tsoro ƙwarai. Na san idan aka tafi da shi, ba da ƙafarsa zai dawo ba.

To, ina da wata tsohuwar na'urar gem ta wasa a talabijin a falo, wadda matata Ƙauna, 'yar garin Madakiya, take kira ɗan autanmu. Idan na dawo daga shago nakan zauna in yi tseren mota. Na lura duk yini Papa ba ya buɗe baki sai na fara tuƙi.

"Kwana, kwana! Rage wuta, sakarai!"

Wata rana na miƙa masa fad, wato ɗan abin nan da ake riƙewa hannu bibbiyu ana dannawa. Maɓallansa ƙanana ne kamar ƙwayar magani. Ya yi ƙoƙarin tallabe shi, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Papa ya juya fuska ga bango. Da ma ban ba shi ba.

Ina tsince fad ɗin sai na tuna injinan gem na tsaye da ke wani shago kusa da tasha lokacin muna yara, masu doguwar sanda da maɓallai ɓul-ɓul waɗanda ake duka da tafin hannu. Nan take Injiniya ya farka a cikina. Hagu ta riƙe sanda, dama ta danna wuta. Papa zai yi ta motsa hannu bai san magani yake sha ba. Har na fara jin yadda za a ba da labarina a coci.

Akwati na fara nema. Na duba gidan kaf, ban ga katakon da ya kai durowar wadurof ɗin Ƙauna kyau ba. Na juye ɗankwalayenta a kan gado cikin ladabi, na tafi da ita shago. Sanda kuwa giyar wata matacciyar mota ce na samo wajen 'yan gwangwan. Na ɗaure gindinta da robar tayar keke don ta riƙa komawa tsakiya, na sa mata makunnin ƙararrawar ƙofa ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Maɓallan ne suka ba ni wuya. Da na kwatanta wa mai kayan wuta abin da nake so, sai ya ɗauko min irin na injin niƙa, kore da ja. Koren ƙarami ne, a shafe yake, sai an sa yatsa. Jan kuwa ƙato ne kamar rabin tumatir, ko da gefen hannu ka taɓa shi ya amsa. Na yi lissafi irin na masu ilimi: wanda za a fi dannawa shi ne na ba da wuta, hannun Papa ba ƙarfi, saboda haka babban shi ne wuta, ƙaramin shi ne birki. Har na yaba wa kaina a gaban mai shagon.

Na farke tsohon fad, na bi layukan cikinsa ina liƙa waya da dalma. Na ƙona yatsa, na ƙona teburin, na ƙona fad ɗin ma gaba ɗaya sai da na nemo wani. Gwajin farko, ina tura sanda hagu mota ta yi hon. Gwaji na biyu ba abin da ya motsa sai hayaƙi. Da na kawo shi gida a lulluɓe, Ƙauna ta ɗaga zanen ta leƙa, ta ga hannun durowarta yana nan a jiki.

"Injiniya, durowata ce wannan?"

"Don Papa ne."

Ta daɗe tana kallon ramukan da na huda. "To. In bai yi aiki ba, a ciki zan sa maka abinci."

Mai hankali zai bari Papa ya gwada tun kafin Adaku ta iso. Ni kuwa biki nake so. Na ɓoye abin a ƙarƙashin gado, ina jiran ranar da zan yaye zane a gaban jama'a.

Adaku ta iso ran Asabar. Ta ɗaga hannun Papa, ta sake shi, ya faɗo. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Kafin mu dawo daga coci ran Lahadi ta riga ta haɗa masa jaka ta jingine a bakin ƙofa. Papa ya zauna a kujerarsa da kayan coci a jiki, yana kallon jakar.

"Sista, ki ba ni dama in nuna miki wani abu," na ce.

Babu wuta, sai da na ta da janareto. Na ɗora akwatin a kan ɗan tebur gaban Papa, na yaye zane. Ba wanda ya tafa.

"Okwy, mene ne wannan? Injin markaɗe?"

Amma Papa ya miƙe zaune. Ya kama sandar da hagu, ya tura ta gefe, ya ja ta, ya ji nauyinta. Na ga wani abu a fuskarsa da rabona da gani tun kafin ciwon. Da kansa ya ɗauki hannun dama da na hagu ya ɗora a kan akwatin.

Motoci suka jeru a talabijin, aka ba da alama, duk suka fice suka bar tamu a tsaye.

"Papa, ba ta wuta!"

Yatsunsa suka fara rarrafe a kan katakon a hankali. Suka bi ta gefen ƙaton jan maɓallin nan, suka kauce masa kamar garwashi, suka isa kan ƙaramin koren. Ya tattara duk ƙarfinsa, gumi ya tsatso masa a goshi, ya danna. Motar ta yi baya da gudu ta daki katanga.

Ƙauna ta toshe baki da zane. Adaku ta dubi agogo.

"Ba wannan ba, Papa," na ce. "Jan za ka danna. Ja shi ne tafiya."

Papa ya juyo da kai ya dube ni.

"Me ka ce?"

"Jan ne wuta. Koren birki ne."

"Wa ya haɗa haka?"

"Ni ne. Ai ka ga jan ya fi girma, shi ya sa na..."

"Ja, tafiya." Ya maimaita a hankali. "A gidana."

Har a lokacin ban gane ba. Ni ɗan direban jirgi, wanda ya girma yana jin cewa mutum ya mutu a tsaye ya fi ya wuce jar fitila, ina can ina tunanin girman maɓalli. Idona na kan jakar da ke bakin ƙofa. Na durƙusa gabansa, na kama hannun nan na dama zan ɗora masa a kan jan da ƙarfi, ko Adaku ta ga motar ta yi gaba.

Hannun ya ƙwace daga nawa. Kafin in ɗaga kai na ji ƙwas a tsakiyar kaina.

Ba shi da ƙarfin na da, ko kusa. Amma wurin ne daidai, kuma gaɓar yatsan nan ce ta tsakiya. Ko a cikin barci na san ta.

"Mutum nawa za ka kashe?" in ji Papa, yana haki. "Ɗari nawa ke bayanka, ka ce ja tafiya?"

"Chineke! Ya Allah!" Adaku ta zabura ta tsaya a kanmu. "Papa, da wane hannu?"

Papa ya dubi hannunsa. Yana nan a sama, a dunƙule. Shi ma kallonsa yake kamar baƙon da ya daɗe bai zo gida ba. Ni kuwa ina durƙushe, hawaye na zuba, ga dariya ta ƙi tsayawa. Ban san na yi kewar ranƙwashin nan ba sai da ya sauka.

"Okwy, kar ka tashi," in ji Adaku da muryar asibiti. "Papa, sake. Ɗaga daga kafaɗa."

"Sista, kaina ne fa!"

"Yi shiru, aiki nake. Papa, sake."

Ya sake. Ta sa ya ƙara, tana taɓa gwiwar hannunsa, tana duban yatsun. Ƙauna ta ce idan Papa ya gaji ita ma tana da nata na durowa, a ba ta layi.

Da aka gama da kaina Adaku ta zauna a hannun kujera, ta share ido da bayan hannu. Ta ce hannun bai warke ba, kada wani ya ruɗi kansa, amma da rai a cikinsa. Ta ce za ta bar shi zuwa Kirsimeti ta gani, da sharaɗin kullum ya tuƙa motar nan safe da yamma, kuma a koma wajen likita.

"Ba zan taɓa shi ba sai an gyara sigina," in ji Papa.

A gabansa na kwance wayoyin na sauya su, yana tsaye a kaina da ido. Na yanko murfin kwalba na liƙa a kan koren don ya yi tudu. Washegari Adaku ta hau mota ita kaɗai. Ƙauna ta kwance jakar Papa, ta rasa inda za ta zuba ɗankwalayenta, sai ta zuba su a ciki.

Yanzu kullum Papa yana tsere, kuma kullum shi ne na ƙarshe. Yana rage wuta tun kafin kwana, yana barin kowa ya wuce, bai taɓa gogar katanga ba. Kafin ya fara sai ya gwada koren, ya gwada jan, ya tabbatar ba a yi masa wasa da sigina ba. In ya ga daidai suke sai ya dube ni kamar bai ji daɗin hakan ba. Ni kuma sai in matso da kaina kusa, inda hannun zai iya kaiwa.