Sandar Maitama da Gadar Jirgin Ƙasa

Akwatin fari ne fat, ya fi ɗakin kwana girma, kuma yana numfashi. Akwai inji a gindinsa da ke hura masa iska mai sanyi ba hutawa, don abin da ke ciki ba ya son ƙura, ba ya son gumi, ba ya son a girgiza shi. Kumbo ne a ciki, na wani kamfanin roka mai zaman kansa da ke kusa da filin jirgin Dulles a Amurka. An ce za a cika shi da abinci da ruwa da tufafi a harba wa mutanen nan da ke zaune a wani ɗaki can sararin samaniya, inda babu sama babu ƙasa, cokali ma yawonsa yake yi shi kaɗai. Amma kafin ya je can sai ya bi kwalta kamar kowa, daga garin Sterling zuwa bakin teku, a bayan tirela. Abin da zai wuce gajimare, ga shi yana tsoron gada.

Abdulmumin ne ke jan tirelar. A gabansa akwai ƙaramar mota mai fitila rawaya a ka, da doguwar sanda a tsaye a hancinta. Sandar gaɓa-gaɓa ce kamar rake, ana zuƙe ta, ana miƙe ta. Idan aka miƙe ta har jan zanen da ke gaɓar ƙarshe ya fito, tsayinta ya ɗan ɗara na akwatin. In ta wuce ƙarƙashin gada lafiya, akwatin zai wuce. In ta taɓa, mai sanda ya yi ihu a oba-oba tun tirela tana nesa.

Mai sandar kuwa Alhaji Maitama ne, mahaifin Sa'adiya, matar Abdulmumin. Tun da aka ɗaura auren Abdulmumin bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa furta sunansa ba. Ko a gidansu na garin Clinton, in yana son ya ce wa tsohon ya gyara fakin, sai ya gaya wa Sa'adiya, ita ta kai. Abdulmumin ne ya samo wa tsohon aikin nan da bayansa ya gaji da tasi a filin jirgi. Jerome, shugaban ayarin, ya ɗan ja baya saboda furfurar tsohon, Abdulmumin ya ce shi ya tsaya masa.

Jerome a motar baya yake, da kwamfuta a cinya. Akwai wata koriyar fitila a kwamfutar. In tirela ta faɗa rami ko aka danna birki da ƙarfi, fitilar ta koma ja, sai a mayar da akwatin kamfani a buɗe a bincika, ranar harbawa ta wuce.

Da azahar suka tsaya a wani gidan mai a Maryland. Tirela ta tsaya a bakin hanya, Maitama kuma ya zuƙe sandarsa don motarsa ta shiga ƙarƙashin rumfar gidan man. Ya sha mai, ya cika buta, suka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, tsohon a gaba. Suna sallama Jerome ya taho da sauri, waya a kunne. An yi haɗari a babbar hanyar da aka auna musu, an rufe ta. 'Yan sanda sun ba su wata tsohuwar hanya ta cikin gonakin masara, wadda ba wanda ya auna. Dole su fita daga cikinta kafin rana ta faɗi, don kaya irin wannan ba ya tafiya da duhu.

"Maza, maza! Tsoho, yau idonmu kai ne," in ji Jerome da Turanci.

Maitama ya naɗe darduma, ya jefa buta a baya, ya ja mota.

Sun yi nisa cikin masara kafin Abdulmumin ya fara jin wani abu ba daidai ba. Tun safe yake kallon sandar nan tana lilo a gabansa, har idonsa ya saba da jan zanen, kamar ƙaramin tsuntsu a kan kara. Yanzu ya duba ya rasa tsuntsun. Ya goge gilashi da hannun riga. Rana tana dukan sandar, ko ita ta ɓoye zanen. Ko kuma gaɓar ƙarshe tana ciki, ba a zaro ta ba.

Ya ɗauki oba-oba, ya riƙe, ya mayar. Duk abin da aka faɗa a cikinta Jerome yana ji, ɗan sandan da ke musu rakiya yana ji. In ya ce tsohon ya manta, kuma bai manta ba, da wane ido zai shiga gidan Clinton? In kuwa ya manta ɗin, shi da bakinsa ya kori surukinsa daga aiki. Ya tuna wayarsa da ke aljihu, ya tuna Sa'adiya. Amma direban tirela ba ya taɓa waya, kuma Sa'adiya tana asibiti wurin aiki.

Hanya ta gangara. Can ƙasa sai ga gadar jirgin ƙasa, baƙa, tsohuwa, ta ƙarfe. Sabuwar kwalta ce a ƙarƙashinta, tana sheƙi, an malala ta a kan tsohuwa.

Abdulmumin ya danna oba-oba.

"Baba, sannunku da hanya."

"Yawwa, sannu, Malam. Ya nauyin kaya?"

"Alhamdu lillahi. Na ce, Baba, ko iskar nan ba ta dami sandar ba?"

"Ina, lafiyarta lau. Tun safe take rawa abinta."

"Turanci a oba-oba, jama'a," in ji Jerome yana dariya. "In gulmata kuke yi ku yi ta yadda zan ji."

Gadar ta ƙara girma. Tirela mai wannan nauyi a gangare ba ta tsayawa don an so ta tsaya, sai ta ci ƙasa mai yawa, balle in ana lallaɓa birkin. Abdulmumin ya ɗaga ƙafa daga totur.

"Baba, na ce, ko za a ɗan duba..."

Ƙaramar motar ta shige ƙarƙashin gadar. A cikin inuwa, inda rana ba ta dukan sandar, ya gan ta sarai. Babu ja. Tsakanin kanta da ƙarfen gadar akwai 'yar tazara, ba ta fi kamu ɗaya ba, gaɓar da aka bari a ciki kuwa ta fi hannun mutum tsawo.

"A wuce, babu komai," in ji Maitama da Turancinsa na tasi.

Abdulmumin ya ɗora ƙafa a birki a hankali.

"Me ya sa kake rage gudu?" Muryar Jerome ta canza. "Sanda ta wuce. Kar ka taɓa min birkin nan a gangare. Tafi!"

Motar tsohon tana ta yin gaba, fitilarta na juyawa. Abdulmumin ya ƙara danna birki, tirela ta yi gurnani, nauyin akwatin yana turo shi ta baya.

"Abdul! Fitilata tana rawa! Me ke faruwa?"

Sai ya buɗe baki, da muryar da ko 'ya'yansa bai taɓa yi wa ba.

"Maitama! Maitama, tsaya! Ba ka ɗaga sandar ba!"

Ya maimaita da Turanci. Ƙafarsa tana son ta danne birkin har ƙasa, yana hana ta. Ya ƙara kaɗan, ya saki kaɗan, ya ƙara. Inuwar gadar ta hau hancin motar, ta rufe gilashin, ta rufe shi gaba ɗaya. Tirela ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Ya sauko. Kan motar yana ƙarƙashin gada, akwatin yana waje. Tsakanin goshin akwatin da ƙarfen, da ƙyar mutum zai sa kafaɗarsa. Injin yana ta hura iskarsa kamar ba abin da ya faru.

Jerome ya zo da gudu rungume da kwamfuta. Ya dubi gadar, ya dubi akwatin, ya juya fuskar kwamfutar. Koriya ce.

Maitama ya dawo da baya, ya tsaya a gefe. Ya hau kan motarsa, ya zaro gaɓar har jan zanen ya fito, ya ɗaure. Ya ja motar a hankali ta ɗaya hannun hanyar. Sandar ta daki ƙarfen, kas, ta lanƙwasa kamar karan dawa. Tattabarun da ke cikin gadar suka tashi.

Ya sauko, ya zare makulli, ya miƙa wa Jerome da hannu biyu.

"A gidan mai na zuƙe ta. Ka sa wani a gaba."

Jerome ya karɓa. Ya koma gefe yana kiran 'yan sanda su tare hanya a ja tirela da baya.

Abdulmumin ya zo ya durƙusa a kan kwalta mai zafi, kansa a ƙasa.

"Baba, ku yafe ni. Bakina ne ya..."

"Tashi, Malam, kwaltar nan sabuwa ce, za ta kama maka wando." Tsohon yana kallon akwatin. "Tun daga ina ka gani?"

"Tun cikin masara, Baba."

"Tun cikin masara. Shi ne kake tambayata iska."

Abdulmumin bai ɗago ba. Maitama ya buɗe bayan motar ya ɗauko butarsa da dardumarsa, ya rataya dardumar a kafaɗa. Ya tsaya a gaban tirelar yana duban tsayin matakalarta.

"Ashe ka san sunana," ya ce. "To, kama min hannu in hau. Da akwai wuri a gefenka?"