Agogon da Malam Agogo Ya Zana

Tun da aka manna sanarwar bitar lafiyar ƙwaƙwalwa ga ɗalibai da ma'aikatan kwaleji, Malam Agogo bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya shiga ofis ya fita, ya buɗe taga ya rufe. Shi ne malamin lissafi, ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan saboda ba ya latti, har mai gadi da shigowarsa yake saita agogon hannunsa. Amma a 'yan watannin nan kalmomi sun soma sulale masa. Ranar nan ya nemi sunan cokali ya rasa, sai ya ce wa matarsa ta miƙo masa abin nan mai ciki. Ta yi dariya, shi ma ya yi. Tsoronsa ɗaya ne, kada a gane a kwaleji a karɓe masa aji.

Ranar bita zaure ya cika. Fanka na juyawa tana ƙara kamar mai ciwon wuya. Ya zauna a bakin ƙofa. Autarsa, wadda take ajin farko a kwalejin, tana can tsakiya cikin ƙawayenta.

Likitar da ta zo, wata doguwa mai tabarau, ta yi bayani kan barci da tafiya a ƙafa da hawan jini da yawan kallon waya. Ta ce mantuwa iri-iri ce, wata gajiya ce kawai, wata kuwa tana son a tare ta da wuri. Sai ta sa aka raba farar takarda, ta ce kowa ya zana fuskar agogo, ya jera lambobi, ya nuna sha ɗaya da minti goma da gajeren hannu da dogon hannu.

"Likita, mu dai ba mu da dogon hannu," in ji wani ɗalibi daga baya. "Yana wajen Dogo, shi ke kwashe mana biro."

Zaure ya ɗauki dariya. Magatakardan kwaleji ya ce a yafe wa Malam Agogo wannan aiki, tunda shi ne agogon da kansa.

Da'irar ta fito masa sumul. Amma da ya soma sa lambobi, sai suka taru a gefen dama, sun cunkushe kamar awaki sun fake wa ruwa a gindin bango. Hagu kuwa fayau. Ya san akwai abin da ba daidai ba, ya rasa ta ina zai gyara. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya sulale waje.

Ya bi baranda har ƙarshe ya dawo. Ya sha ruwa a famfo ba don ƙishi ba. A ɗakin karatu ya tsaya gaban agogon bango, ga lambobi kowace a gidanta, ba mai taka wata. Ya karanta lokaci daidai, sai abin ya ƙara ɗaure masa kai.

A gindin matakala Auta ta cim masa tana haki. Ya tambaye ta me ya fito da ita ana tsakar bita, ta ce ai an tashi. Sannan ta sunkuyar da kai.

"Baba, jiya da sunan Yaya ka yi ta kirana. Mama ma ta lura tuntuni, nauyinka muke ji."

"In suka karɓe ajin fa?"

Ta ce wannan ba ta sani ba, amma dai likita na haɗa kayanta za ta tafi.

Ya daɗe yana murza takardar cikin aljihu kafin ya juya. Suka tarar da likita tana naɗe wayar lasifika. Ya buɗe zanen a kan tebur, ya danne gefensa da yatsa don kada fanka ta ɗauke. Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi yadda yake barci da magungunan da yake sha, ta ce zane kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an duba shi sosai a asibiti. Ta tambayi wanda zai raka shi.

"Wannan," ya ce yana nuna Auta.

Washegari ɗalibai suka shigo, malamai suka shigo, babu Malam Agogo. Mai gadi ya yi ta kaɗa agogonsa yana karawa a kunne.