Kowa Na Ɗaya a Shagon Kawu

"Ba laifin allon ba ne, Kawu," in ji Injiniya.

"To ni ne? Ni na ɗinka wando mai ƙafa ɗaya?"

Kawu ya ɗaga wandon sama don kowa ya shaida. Ƙafar dama ta kammalu har da kalmasa. Ta hagu tana can kan teburin yanka, ba ta ma san an fara ba. Kekunan ɗinki suka yi tsit, sai kukan fanka.

"Dogo ne ya ɗinka," in ji Injiniya.

"Kada ka sako ni," in ji Dogo daga bayan kekensa. "Ni abin da ke sama nake bi. Ina cikin wando, na ɗaga kai na ga kwat. Na ɗauki kwat, na ɗora hannu ɗaya, na ɗaga kai na ga siket. Tun safe nake aiki kamar jaki, ko hankici ban gama ba."

Injiniya ya dubi allon da ke bango. Shi dai ba injiniya ba ne. Ɗan yayar Kawu ne. Ya yi kwas na kwamfuta, ya zaga ofisoshi da takardarsa har takalminsa ya buɗe baki, sannan uwarsa ta kamo hannunsa ta kawo shi shagon ƙanenta. Kawu ya ba shi dutsen guga, telolin suka ba shi suna. Ya daɗe a lungun bayan shago, inda babu taga, tururi na dukan fuskarsa, yana goge ɗinkin wasu yana tunanin duniya. Ba ya son dutsen nan. Dutsen ma ba ya sonsa, akwai shaida a bayan hannunsa.

Shi ya sa ya nace wa Kawu har ya bar shi ya haɗa abin da ya koyo. Duk kayan da aka kawo, a shigar da su a waya: mai su, irin ɗinkin, da inda aka kwana. Bayanan su tafi wata ma'ajiya ta intanet da masu sana'ar ke ce wa gajimare. Daga can su sauko cikin jadawali a shafin intanet, layi-layi, gida-gida, kowane layi kayan mutum ɗaya. Tela na danna "na fara" a wayarsa, kafin ya ajiye ta gidan ya canja launi a tsohuwar talabijin da aka rataye a bango. Layin kuma ana iya kama shi da yatsa a ja shi sama ko ƙasa. Wannan don Kawu aka yi, ya sa wanda ya ga dama a gaba. Masu kaya kuwa aka tura musu adireshin shafin, su riƙa leƙawa daga gida.

Ranar da aka kunna, Kawu ya yi magana biyu. Ya ce wa teloli, abin da ke sama shi za a ɗinka, ba ya son gardama. Ya ce wa Injiniya, "Ranar da abin nan ya ba ni kunya, dutsenka na nan, ban sayar ba." Aka ba shi kujera kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa.

Yanzu ga shi kujerar ko ɗumi ba ta gama yi ba.

Injiniya ya ce, "Kawu, allo ba ya ja da kansa. Kai kaɗai ke iya ja. Ko ka sa wayar a aljihu ba ka kulle ba?"

"Wayata na caji tun da na shigo. Ga ta can. Ko ita ma ka koya mata tafiya?"

Gaskiya ne, tana can a kan kantar shago, ta kifa ciki. Duka suka ɗaga kai suka dubi talabijin. A sama akwai kwat ɗin wani lauya. Suna kallo, wani layi ya taso daga can ƙasa, a hankali, yana ture na gabansa kamar mai ratsa taro, ya haye kan lauya ya zauna. Yunifom ɗin 'yan makaranta ne. Bai gama zama ba lauya ya sake hawa. Sai wani layin ya zo da gudu ya haye su duka biyun.

Mai Almakashi, dattijon da ke yanka, ya ajiye allinsa ya fara addu'a ƙasa-ƙasa.

Injiniya ya gyara zama a kujerarsa. Ya jawo kwamfutarsa, ya buɗe, ya duba. Bai daɗe yana nema ba. Adireshi biyu ya yi niyyar yi, na Kawu mai ja, da na masu kaya mai kallo kawai. Na biyun yana nan a kansa, bai taɓa fitowa ba. Na Kawu ya tura wa kowa da kowa.

"Masu kaya ne," ya ce.

"Masu kaya ne me?"

"Su ke ja. Daga gidajensu."

Dogo ya fashe da dariya har da dukan keke. "Wato tun safe lauya ne ubangidana ban sani ba!"

Akwai wani gefe a shafin da ke nuna wa ya taɓa me. Injiniya ya buɗe shi, don ya san da wa ake yi. Lauya ya ja sau da yawa. Shugabar makarantar 'yan yunifom ta fi shi, da alama ta bar ofis ta koma sana'ar ja. Wani direba ba ya jan nasa sama, na wasu yake ja ƙasa, don mugunta kawai. Amma akwai lamba ɗaya da ta fi su duka, ba ta hutawa, ba ta gajiya. Injiniya ya san lambar nan. Ita ya fara haddacewa a duniya.

Ya fita bakin ƙofa ya kira.

"Umma."

"Yi sauri, ina aiki."

"Umma, ke ce kike jan layi?"

"Ni ce mana. Allah ya yi maka albarka, wannan abu naka ya yi. Tsaya, ga shegen lauyan nan ya dawo." Ya ji numfashinta. "Yawwa. Ina jinka."

"Umma, ki daina. Za a mai da ni guga."

"In daina? Ka san yaushe na ba ƙanena yadin nan? An gwada ni, na yi ƙiba, an sake gwada ni, na rame. Yayin ɗinkin ya wuce ya dawo. Kullum gobe, kullum gobe, ni da na goya shi. Yau Allah ya ba ni yatsa ka ce in daina? Ba ni shi."

Kawu na tsaye a bayansa, ya ji komai. Ya karɓi wayar da hannu biyu, murya ta koma ta yaro.

"Yaya, ina wuni. Wallahi yana nan a ajiye. Ai kayan gida ba a yi musu gaggawa, sai an natsu. Gobe in Allah ya..."

Ta kashe.

Injiniya ya koma kujerarsa yana jin ta kamar ta aro. Gyaran ba wuya, maɓalli ɗaya ne zai danna, kowa ya koma kallo. Wuyar tana wani wuri. Duk jan da aka yi ya tafi gajimare kai tsaye, ya goge na baya. Bai ajiye kwafi ba. Yanzu babu wanda ya san wa ya riga wa, har Kawu, wanda dama bai taɓa sani ba. Tsarinsa tun fil azal shi ne, wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara sallama.

Ya kai yatsa zai danna.

"Dakata," in ji Kawu.

Ba allo yake kallo ba. Bencin bakin ƙofa yake kallo, inda masu kaya ke zama su yi masa tijara. Yawanci war haka benci ya cika, wani na nuna masa agogo, wata na rantsuwa ba za ta motsa ba sai da rigarta. Yau kyanwar maƙwabta ce kwance a kai, ta miƙe ƙafafu.

"Dogo, yau wa ya zo ya zage ni?"

Dogo ya yi tunani. "Babu."

"Ko a waya?"

"Sai Yaya."

"Yaya ba zagi ba ne, tarbiyya ce." Kawu ya jawo kujera ya zauna kusa da Injiniya, abin da bai taɓa yi ba. Ya sassauta murya. "Ɗana, wannan abin, za ka iya raba shi biyu? Su su yi ta ja a nasu. Namu na bango kada ya motsa sai na ce."

"Zan iya. Amma in sun ja ba a ɗinka ba, ai za su gane."

"To ka sa kowa ya ga kansa a sama. Duk wanda ya buɗe, ya ga shi ne na ɗaya. Ba ja, ba faɗa. Kowa ya kwana da daɗin rai."

Injiniya ya dube shi. "Kawu, wannan ai ƙarya ce."

"Subhanallahi. Wa ya ce ƙarya? Kowa na ɗaya ne a zuciyata."

"Duk amfanin abin shi ne ya nuna abin da ke faruwa a lokacin da yake faruwa. In na cire wannan, hoto ne kawai."

"To ka bar shi," in ji Kawu, ya miƙe yana kakkaɓe zare daga cinyarsa. "Ni ban iya tilas ba. Dogo, leƙa baya ka jona dutsen can, akwai kaya da yawa."

Dogo ya tafi yana fito. Jim kaɗan aka ji ƙas, ƙas, irin ƙarar da dutsen ke yi in ya fara zafi. Injiniya ya zauna yana sauraro. Ya tuna malaminsu na kwas, mutum mai son tsabtar aiki, da yadda zai dube shi. Amma malamin bai taɓa tsayawa a lungun can da rana tsaka ba. Iska ta shigo ta ƙofa ta shafi wuyansa.

Ya jawo kwamfutar.

Bai ɗauke shi lokaci ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Aikin gaskiya ya ci masa makonni, na ƙarya ko shayin Mai Almakashi bai huce ba ya gama.

Kwanakin da suka biyo baya, shago ya zama kamar ɗakin karatu. Wando ya samu ƙafarsa. Lauya ya aiko da saƙon godiya, ya ce dama ya san adalci zai yi halinsa. Shugabar makaranta ta koma shugabanci. Kawu ya yi ƙiba a fuska, yana ce wa duk mai wucewa, "Ɗan yayata ne ya haɗa, injiniya ne," kuma a karo na farko ba da zolaya ba. Injiniya na kujerarsa, iska na kaɗa shi, yana kallon jadawali biyu, ɗaya mai rai ɗaya gawa. Abinci ba ya masa daɗi. A gida Umma ta riƙa ƙara masa nama, tana cewa ɗa na gari shi ke sa uwarsa a sama. Ya ci, yana kallon kwano.

Ya san ramin ƙarya ƙurarre ne. Bai dai zaci a bakin famfon unguwa zai ƙure ba. A can Umma ta nuna wa maƙwabciyarta, matar mai kemis, wayarta don ta yi mata yanga. Matar mai kemis kuwa tana da siket a shagon Kawu, ita ma tana da waya.

Da hantsi suka shigo, kafaɗa da kafaɗa, ko sallamar kirki babu. Kyanwa ta sauka daga benci ta bar gari. Dogo ya miƙe a hankali ya je ya tsaya gaban labulen lungun gwaji, ya buɗe hannuwa kamar mai miƙa, don labulen nan yadin Umma ne, ya daɗe yana wannan aikin.

"Yaya! Sannu da zuwa. Hajiya, bismillah, ga wuri. A kawo ruwa mana."

"Riƙe ruwanka," in ji Umma.

Ta ajiye wayarta a teburin yanka. Matar mai kemis ta ajiye tata a gefenta. Jadawali iri ɗaya, launi iri ɗaya. A wannan, Umma ce a sama. A wancan, matar mai kemis. Sannan dukansu suka ɗaga kai suka dubi talabijin ɗin bango, inda na ɗaya rigar Kawu ce da kansa, Umma kuma sai an bi layi da ido har ƙasa, dab da inda allon ya ƙare.

Kawu ya dubi wayoyin nan biyu. Ya juya ya dubi Injiniya, irin kallon da ke cewa allon nan ya ba ni kunya. Injiniya ya dubi kujerarsa, ya dubi ƙofar lungun baya. Mai Almakashi ya sunkuya yana neman allin da ke hannunsa.

Umma ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora yatsa a kan wayarta, ta ɗora wani a kan ta maƙwabciya, ta dubi ƙanenta, ta dubi ɗanta.

"Ni ban yi kwas ba, ku ku yi mini bayani. A cikinmu, wace ce ta ɗaya?"