Kwalbar da Keziya Ta Kai Awo

Tun ranar da aka manna takardar a bangon makarantar firamare ta unguwa hankalin Keziya ya ƙi kwanciya. Takardar ta ce wata ƙungiya ce daga Samaru, masu nazarin ƙasa da duwatsu, za su riƙa zuwa unguwar Muchia a Zariya duk Asabar ɗin ƙarshen wata suna yi wa jama'a lacca a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu, kuma shiga kyauta. Wannan kyautar ce ta tsaya mata a rai. Shekara ashirin da biyu tana sayar da kunun zaki a PZ, ba ta taɓa ganin wanda ya shigo mota tun daga Samaru don kawai ya ba wani abu a banza ba.

Duk abin da Keziya ta mallaka a duniya bai wuce rijiyar tsakar gidanta ba. Marigayi mijinta ne ya haƙa ta da hannunsa shekarar da suka tare. Ruwanta garai-garai, ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Da shi take dama kunu, da kunun take ci, kuma ba ta taɓa hana maƙwabci zura guga ba. Ga shi bara ta ji an ce 'yan duba-gari sun rufe wasu rijiyoyi a Chikaji. Lacca ta farko da ta biyu ba ta je ba, don ba ta ga abin da ya dame ta da shekarun dutsen Kufena ba. Da ta ji ta uku a kan ruwan rijiya za a yi, sai ta ɗaura ɗankwali ta tafi ta gani da idonta.

Wa za ta fara gani a ƙofar ajin in ba Uzodinma ba, yana ta jera benci yana washe baki. Uzodinma kuwa shi ne maƙwabcinta da ya haƙa bohol watanni shida da suka wuce, yake sayar wa 'yan ga-ruwa. Keziya ta ce a ranta, biri ya yi kama da mutum. A rufe rijiyoyin talakawa, kowa ya koma sayen ruwan tankinsa, ai ko yaro ya san wa zai ci riba.

Mai laccar wani dattijo ne, Malam Toma, tsohon malamin sakandare, wandonsa duk alli. Ya ce ƙarƙashin Zariya dutse ne mai tauri, a samansa akwai ruɓaɓɓen dutse da marmara, a nan ruwan sama yake kwanciya, kuma ba zaune yake wuri ɗaya ba, tafiya yake a hankali daga gida zuwa gida, bai san katanga ba. Ya ɗauko wani akwatin gilashi cike da yashi da ruwa, ya zuba shuni a kusurwa ɗaya, ya tsotse ruwa da sirinji ta ɗaya kusurwar. Ba a jima ba ruwan ya fito shuɗi.

"Wannan shunin shi ne shaddar gidanka," in ji shi. "Wannan kuma rijiyarka. In tsakaninsu bai kai taku arba'in ba, akwai magana."

Daga nan ɗaliban da suka rako shi suka shiga raba kwalabe. Kowa ya cika da ruwan rijiyarsa, a rubuta sunansa da lambar gidansa a jiki, a kawo ranar Litinin, za su kai awo a Samaru. Keziya ta miƙe.

"Malam, sunan fa na mene ne? Ruwa za ku auna ko mutum?"

Aka yi dariya. Malam Toma ya ce, "Don kada na wani ya haɗu da na wani ne, Mama."

"In aka ga ruwan mutum ba kyau fa?"

"Sai mu faɗi gaskiya. A nan za mu karanta, don kowa ya amfana."

A nan za su karanta. Gaban jama'a, gaban masu sayen kununta, gaban Uzodinma. Ta karɓi kwalbar ba ta yi godiya ba.

Tana isa gida ta tura ƙofa ta sa sakata, ta tsaya a bakin rijiya ta fara taku zuwa bayan gida. Goma sha ɗaya. Ta koma ta sake, tana ɗan rage tsawon takun kamar mai ciwon ƙafa, ya ba ta sha huɗu. Ta yi tsaki. Shekara nawa suna shan ruwan nan, wa ya mutu? Wasu can da ba su taɓa jan guga ba su ne za su zo da akwatin yashi su raba ta da abincinta? Ranar Litinin da sassafe ta bi ta wani shago nesa da unguwa inda ba a san ta ba, ta sayi fiya wata leda biyu, ta juye a kwalbar, ta kai. Har ta ɗan ji daɗin wayonta a hanya.

Da wata ya zagayo ajin ya cika har taga. Malam Toma ya buɗe littafi ya fara kiran sunaye. Rijiya goma sha tara aka auna, ya karanta sha takwas, babu wadda ta tsira, wasu da dama-dama, wasu kuwa ya ce ko wanke kwano a yi hattara. Keziya ta kasa kunne tana jiran ya ce a je a sayi na Uzodinma. Sai ta ji ya kira sunan Uzodinman, ya ce ruwan bohol ɗinsa lafiya yake fitowa amma tankin ya yi datti, ba a sha sai an tafasa. Uzodinma ya sunkuyar da kai ya ce zai sa a wanke. Nan fa lissafin Keziya ya fara rikicewa, don ba a haɗa baki da mutum sannan a tozarta shi a gaban jama'a.

"Saura ɗaya," in ji Malam Toma. "Ta Mama Keziya. Wannan kam ko na leda bai fi ta ba. Ita kaɗai ce zan ce a sha ko ba a tafasa ba."

Aka yi ta tafi. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta ta saman tabarau, kallon ya fi na taya murna tsawo. Bayan an tashi ya tare ta a ƙofa, ya ce abin ya ba shi mamaki, gidajen hagu da dama duk sun lalace, nata ya fita zakka, yana so ya zo ya ga rijiyar. Ta ce ai kullum tana kasuwa, gidan a kulle yake. Ya ce to, babu laifi. Ta san bai yarda ba, shi ma ya san ta sani.

Washegari kafin ta gama tace kunu mata sun yi layi tun daga bakin rijiya har zaure. Kwana biyun farko, a faɗi gaskiya, kanta ya yi girma, don har daga layin baya ake zuwa ana cewa rijiyar Mama mai albarka. Daga baya abin ya koma mata tsoro. Kananzir ya yi tsada, kowa murna yake ya samu ruwan da ba sai ya ɗora a risho ba. Ta fara cewa a dai riƙa tafasawa don Allah, suka ce Mama ke nan, tawali'u ya yi mata yawa. Kullum ta ce gobe za ta je Samaru ta faɗa wa dattijon, kullum goben ta zo ta ga layin ta fasa.

Ranar Talata ta biyu bayan laccar, da hantsi, Ukachi ta shigo da sauri. Matar wani tela ce mai haya a gidan gaba, ga jaririnta ɗan wata bakwai a baya, kansa ya langaɓe. Ta ratsa layin tana ba da haƙuri.

"Mama, ki taimake ni da guga ɗaya. Tun shekaranjiya yake gudawa. Nas ta ce in haɗa masa ruwan gishiri da sukari, amma da ruwa mai tsabta. Na ce ai muna da naki."

Keziya ce ke riƙe da igiya, gugan ya riga ya iso baki. Ta dubi idon yaron, duk ya zurma. Ta saki igiyar, gugan ya koma ya bugi ruwa.

"'Yata, kada ki ba shi wannan," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa, sai ta ɗaga don na zaure su ji. "Kowa ya mayar da abin da ya ɗiba. Ba a auna rijiyar nan ba. Fiya wata na zuba musu a kwalba. Tsakaninta da shadda taku goma sha ɗaya ne, ni na ƙirga."

Wata ta ajiye bokiti a hankali, wata ta tambaya ko da ruwan nan ake sirka kunun da 'ya'yanta suke sha. Keziya ta jawo murfin ƙarfe da hannu biyu ta rufe bakin rijiyar, hawaye na zubo mata, kunya da nadama sun hana ta ɗaga kai.

Ukachi ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Ta kwance goyon ta rungume yaron a ƙirji, ta taɓa goshinsa.

"Mama," ta ce, "ni fa tun ranar da Malam ya faɗa na daina tafasa masa. Kwana goma ke nan naki kaɗai yake sha."