Dariyar da Muka Yi wa Akoli

Akoli na tsaka da kwaikwayon raƙumin da ya ƙi tashi, ya durƙusa yana murguɗa leɓe, sai muka ji gurnanin mota daga wajen rijiya. Wasu Nasara ne masu yawon neman duwatsu, kuma a lokacin yawancinmu a Gougaram ba mu taɓa ganin mota kusa ba. Mutane suka fara zamewa daga tabarmi. Ni ma na tashi. Mina, maƙwabciyarmu mai sayar da cuku, ita ta fi daɗewa zaune, amma daga ƙarshe ta ja mayafinta ta biyo mu.

Da na waiwaya, na hango tsohon a durƙushe har yanzu, bakinsa na motsi, ba kowa gabansa sai awaki.

Akoli bukkarsa na jingine da tamu. Ba shi da mata, ba ɗa. Duk suna ko biki shi ake kira ya ba mutane dariya. Tun ranar nan bai sake fita wasa ba, kuma da sanyi ya shigo, tari ya kwantar da shi.

Mina ce ke kai masa kunu. Wata safiya na raka ta. Ta ajiye ƙwarya, ta kasa ɗaga kai.

"Baba Akoli, ka yafe mini. Bai kamata in tashi ba."

"Ɗiyata, ni ma da gwiwata ta yarda da na je kallon motar." Ya yi tari, ya huta. "Sai dai ni ban iya yi wa taro wasa ba. Mutum ɗaya nake zaɓa. In kafaɗarki ta motsa, in ƙara. In kin dubi ƙasa, in gajarta. Shirun nan da nake yi kafin raƙumi ya yi kuka, numfashinki nake jira. Da kika tashi, sai na rasa inda zan tsaya."

Da la'asar Mina ta bi gida gida ta tara mu. Muka zauna a bakin bukkar. Mijina Rhissa ya tallafo Akoli ya jingina shi da gungume.

"Baba, ka ƙarasa mana raƙumin nan," in ji Mina.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa wuya, ya saki leɓen ƙasa. Kafin ya buɗe baki muka fashe da dariya, mai ƙarfi, har da tafi. Sai ya maida wuyansa.

"Kun yi sauri," ya ce a hankali. "Ban kai wurin ba tukuna."

Ba wanda ya iya kallon wani.

"Ba laifi. Allah ya saka muku. Rhissa, kwantar da ni."

Bai ƙara kwana da yawa ba. Ya cika wata rana da hantsi, Mina na riƙe da ƙwaryar kunun da bai sha ba.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta, na same ta cikin bukkarsa. Ta share ƙasa, ta naɗe rawaninsa ta ɗora bisa gado. Takalmansa na bakin ƙofa, ɗaya ya kife. Ta sunkuya ta gyara shi, ta jera su biyun, sannan ta zauna kusa da su.